Abin da Na Faɗa a Shingen Yendi

Tun kafin mu ɗaura kaya daga Salaga, abin da ke cina a rai ba nisan hanya ba ne. Bakina nake tsoro. A unguwarmu kowa ya san yadda ake magana a kan yarinyar da ke bayana, ba mai tambaya. Amma hanya cike take da baƙi, baƙo kuwa in ya ga mace da goyo, abin da zai fara cewa shi ne, "'Yarki ce?" Ni kuma an hana ni amsa wannan tambayar da gaskiya. Kullum fargabata kada wata rana gajiya ta sa in manta in ce e.

Maza biyu na haifa kafin ita. Na fari har ya fara rarrafe, gudawa ta ɗauke shi. Na biyu bai kai arba'in ba. Daga nan mata suka soma kirana mai wabi a bayan idona, wato wadda 'ya'yanta ba sa zama. Uwar mijina, wadda nake kira Inna, ta ce ai yaro ɗaya ne yake zuwa yana komawa, don ya ga ana ɗokinsa. Maganinsa a nuna masa ba wanda ya damu da shi.

Da na haifi ta uku, mace, tun cibiya ba ta faɗi ba Inna ta naɗe ta a tsumma ta kai ta juji bayan gida ta ajiye. An riga an shirya da maƙwabciyarmu, wata tsohuwa Bagwanjiya mai sayar da man kaɗanya. Ta zo kamar wucewa take, ta tsince ta, ta zuba wa Inna tsoffin kuɗin wuri a tafin hannu, waɗanda ko gishiri ba sa saye yanzu. Shi ke nan, ta saye ta. Wanzami ya yi mata tsagar Gwanjawa a kumatu. Sannan tsohuwar ta miƙo mini ita ta ce in shayar mata da baiwarta.

Haka na shayar da abin da na haifa kamar wadda aka ɗauka aiki. Ba na daɗewa ina kallonta. Ba na yi mata rawa a cinya a gaban mutane. In ta yi ciwo sai in miƙa wa Inna, in koma bakin murhu kamar ba komai, alhali tuwo yana ƙonewa a gabana ban sani ba. In an tambaye ni sai in ce, "Ba tawa ba ce, sayenta aka yi, riƙo nake." Da ta fara magana aka koya mata ta ce mini Yaya. Lokacin yaye aka kai ta ɗakin tsohuwar, ta dawo Gwanjanci ya fi Hausa yawa a bakinta.

Ta kuwa zauna. Ta yi haƙora, ta yi tafiya, ta iya korar kaji. Inna takan dube ni ta ce, "To, kin gani?" Na gani. Na kuma yarda, har cikin zuciyata.

A lokacin kasuwar Salaga ta yi sanyi, goro ya sami wasu hanyoyi. Mijina ya riga mu tafiya Bawku, yana cinikin shanu da hatsi, sai ya aiko mu same shi. Aka haɗa mu, ni da Inna da yarinyar, da wani ƙaramin ayari na masu jakan goro. Ranar tashi tsohuwar Bagwanjiyar ta raka mu har bayan rijiyoyi tana share hawaye da bakin zane. Ta ce mini da tata Hausar, "Kayana ne, ka riƙe shi da kyau." Muka yi dariya, muka rabu.

Bazara ce, zafi tun hantsi. Duk inda muka sauka mazan sukan kwance huhun goro, su tsince wanda ya fara lalacewa, su yayyafa wa ganyen ruwa su sake naɗewa, mu kuma mu nufi rafi da tuluna. A nan matan ƙauye ke tare ni. A Bimbila kaɗai ban san sau nawa aka tambaye ni ba. Na maimaita amsar nan har ta zama tana fita kafin in yi tunani, kamar amsa sallama. Na ji daɗin haka. Na ce a raina, to, bakina ya horu.

Mun iso Yendi rana tsaka. Kafin a kai zango akwai wata babbar tsamiya, a nan aka gitta gora a kan hanya, 'yan sanda suna duba kaya. Mai sayar da koko a wurin, wata Badagomba, ta gaya wa madugunmu cewa kwanan nan an tsananta, wai an sace yara a wani ƙauye ta wajen Saboba. Na ji maganar da kunnena. Ban kawo komai a raina ba. Ina ruwana da satar yara?

Babbansu kofur ne, dogo, da jar dara, fuskarsa da tsagar Gurunshi tun daga goshi har haɓa. Hausarsa ta bariki ce, mace da namiji duk "kai" ne a bakinsa. Ya bi jakuna yana danna huhu da yatsa, har ya iso kaina. Ya leƙa bayana.

"Kai, mata. Wannan yaro na wa ne?"

Na ce, "Ba tawa ba ce, sayenta aka yi, riƙo nake."

Madugu yana can yana gyara wa jaki akumari, na ji ya ce, "Inna lillahi," a hankali. A lokacin na gane abin da na faɗa, da kuma wanda na faɗa wa. Mu mutanen Salaga ne. Ba wanda bai san an daɗe ana sayar da bayi a kasuwarmu ba, kafin Turawa su hana.

Kofur ya ce, "Sauke shi."

Na kwance goyon. Ya durƙusa, ya kama haɓarta ya juya fuskar nan, ya dubi tsagar kumatunta. Ya ɗago ya dubi tawa fuskar, wadda ba ta da irin wannan tsaga. Inna ta kutso tana bayani, maganarta tana hawa kan juna: wabi ne, juji ne, al'ada ce, jikarta ce ta cikinta. Bai ko dube ta ba. Ashe ya zauna Salaga, yana jin Gwanjanci. Ya tambayi yarinyar da shi, a tausashe, ina uwarta take. Ta ɗaga ɗan hannunta ta nuna hanyar da muka baro, ta faɗi abin da take kiran tsohuwar da ta saye ta.

Ya nuna ni. "Wannan fa?"

Ta ce, "Yaya."

Ya miƙe ya karkaɗe gwiwa. Ya ce yarinya za ta zauna a bariki wajen matarsa har Baturen ƙasar ya dawo daga rangadi, sannan a aika Salaga a bincika. Madugu ya tambaye shi yaushe Baturen zai dawo. Ya ce shi ba ya riƙe da linzamin dokin Bature.

Madugu dattijo ne mai sanyin baki, ya saba da shinge. Ya ja Kofur gefe kaɗan, ya ce, "Haba Kofur, ranka ya daɗe. Kai ma ka san abin nan. Dagombawa suna yi, Mosawa suna yi. Goro kuma ba ya jira a wannan zafin, gobe da sassafe sai mun tashi. Ka ce in bar tsohuwa da yarinya a garin da ba su san kowa ba?" Ya zaro farin goro manya daga aljihu.

Kofur ya ce, "Mai da goronka, Baba. Na san al'ada. Da shi aka wuce da ni." Ya taɓa kumatunsa. "Ina ƙarami kamar wannan da kaɗan, mutum ya ɗauke ni a gona. Duk garin da muka shiga, in an ce tsagan yaro ba irin naka ba, sai ya ce ɗan wabi ne, saye na wasa ne. Kowa ya yi dariya, a ba mu ruwa. Har Salaga. Uwana ban san fuskansa ba yau."

Madugu ya mai da goron aljihu.

Kofur ya juyo kaina. "In kai ka haife shi, faɗi. Da ƙarfi, duk mutane su ji. Ka ce ɗana ne."

Inna ta cafke mini wuyan hannu, farcenta ya shiga namana. Ta matso da bakinta kunnena. "Ke, kada ki kuskura. In ta shiga bariki, ubanta zai zo ya karɓo ta, ko wata nawa ne. In ta bi 'yan uwanta, wa zai karɓo miki? Yi shiru. Ki bari su tafi da ita."

Maganarta kuma ba ta banza ba ce. Na auna ta, na ga tana da nauyi. Bariki gini ne, yana da ƙofa. Inda maza biyun nan suka tafi ba ƙofa. Mutane sun kewaye mu, har masu tallan doya sun sauke kwandunansu. Wata ta ce da Hausa, "Ji fuskarta kamar ta Allah, ashe ɓarauniya ce." Wata ta ce, "Ɓarauniya da kanta za ta tona kanta? Ke dai ba ki da kai."

Na dubi yarinyar. Na daɗe ban dube ta haka ba, a fili, ba satar kallo ba. Tana tsaye a rana, wani ƙaramin ɗan sanda yana riƙe da hannunta. Ba ta kuka. Ba ta kuma yunƙurin zuwa wurina ba, don ta san a gaban mutane ba na ɗaukarta da ɗoki. Ta ɗora ƙafa ɗaya a kan ɗaya, ta ciji leɓenta na ƙasa, tana bin fuskokin mutane da ido tana neman wanda za ta bi. Haka nake tsayawa in ana yi mini faɗa. Ba wanda ya koya mata, ta gani ne a wurina.

A nan wani abu ya faɗo mini wanda ban taɓa yarda in duba ba. Na daɗe ina cewa don ita nake kau da kai. Gaskiya ne, amma ba duka ba. Har da don kaina. Ranar da aka fita da na biyu a tabarma na ji abin da ba na so in sake ji, sai na soma rabuwa da wannan tun tana raye, kaɗan-kaɗan, don in ranar ta zo kada ta same ni da yawa a hannu. Ranar kuwa ba ta zo ba, ga shi yarinya ta iya magana, an tambaye ta uwarta ta nuna wani gari. In mutuwa ta ɗauke ta gobe, haka za ta tafi. In bariki ya riƙe ta, aka manta da ita a can, haka za ta girma, ta zama kamar mutumin nan da ke gabana, ƙato da gemu yana cewa bai san fuskar uwarsa ba.

Na ce, "'Yata ce." Ko ni ban ji ba.

Kofur ya ce, "Ban ji ba."

Sai na buɗe baki, murya ta fito wadda ban san ina da ita ba. "'Yata ce! Ni na haife ta, da damina, ana ruwa, a ɗakin da ke jikin rumbu. Ni na yi naƙudarta tun safe har la'asar. Tana da yayye biyu maza, suna kwance a bayan gidanmu a Salaga, su ma nawa ne, ni na haife su!" Na ci gaba da zuba abin da ba a tambaye ni ba, yadda na farin yake jan gashina, yadda na biyun yake atishawa in an fito da shi. Na kasa tsayawa. Inna ta sake ni, ta zauna daɓas a ƙasa ta toshe kunnuwanta da hannu biyu.

Da na yi shiru sai tsoro ya rufe ni gaba ɗaya. Na waiwaya hagu da dama kamar mai jiran a kawo mata duka. Na fizge yarinyar daga hannun ɗan sandan, na durƙusa na lulluɓe ta da mayafina, ina tofa mata duk abin da na iya a allo, ina haɗa wannan sura da waccan.

Ban san tsawon lokacin da Kofur ya tsaya yana kallona ba. Mai kokon ta ce masa wani abu da Dagombanci. Har yau ban san abin da ya gamsar da shi ba, don ai ɓarauniya ma ta iya ihu. Na dai ji ƙarar gorar an ɗaga ta. Da na zo wucewa, ya ce ba tare da ya dube ni ba, "Ka riƙa gaya masa kullum. Yaro yana mantawa."

Daga Yendi Inna ta daina yi mini magana. Jaki take gaya wa. "Kai jaki, ka ce wa mai baki ta ɗauki tulunta." "Jaki, ka tambayi mai shela ko ta ga ludayina." Masu ayari suna dariya a ɓoye, ni kuwa ba abin dariya a cikina. Duk tari ɗaya da yarinyar ta yi sai gabana ya faɗi. Ina tafe ina mai da hannu baya ina taɓa tafin ƙafarta.

Mun wuce Gushegu lafiya. Har na fara sakin jiki. A gindin dutsen Gambaga, bayan mun gangaro da jakuna da ƙyar, na ji bayana ya yi zafi fiye da na rana. Na sauke ta. Jikinta kamar garwashi, idanunta sun yi ja, ta ƙi ruwa.

Inna ba ta ce "na gaya miki" ba. Da ta faɗa da ya fi mini sauƙi. Ta je ta sassaƙo ɓawon maɗaci ta ɗora a wuta. Madugu ya dubi yarinyar, ya dubi huhunsa, ya ce a yini a nan bakin rafi, amma ba zai iya ƙarawa ba. Inna ta miƙo hannu za ta karɓe ta kamar yadda muka saba. Ban ba ta ba. Na zauna a inuwa na rungume ta a ƙirji, kowa yana gani.

Da azahar wasu matan ƙauyen suka sauko ɗiban ruwa. Inna ta dube su, sannan ta yi mini magana kai tsaye, karon farko tun Yendi. "Ga waccan mai jan ɗankwali. Kawo yarinyar mu ajiye a bakin hanya, ta tsinta ta saya. A gyara abin da kika ɓata tun da sauran lokaci."

Wallahi na yunƙura zan miƙa. Numfashin yarinyar yana fita da sauri-sauri kamar na ɗan tsako. Na ce a raina, me zan rasa? Sai ta damƙe mini wuyan riga cikin zafin nan, ba ta ma san ta yi ba. Na sunkuyar da kai na ce, "Inna, ki yafe mini. Ban san abin da ke riƙe yaro a duniya ba. Wataƙila ke ce da gaskiya. Amma jiya-jiya na ce mata tawa ce, ba zan ajiye ta a bakin hanya yau ba. In za ta tafi, ta tafi daga hannuna."

Inna ta dube ni. Ta ce, "Huɗu na binne kafin mijinki. Shi ma Bazabarme ne ya saye shi. Ke za ki koya mini?"

Na ce, "A'a, Inna."

Ta yi tsaki. Ta sauke tukunyar, ta fifita jiƙon a ƙoƙo har ya huce. Ta ce, "To riƙe mata hannu da kyau, mai 'ya. Ɗaci ne da shi." Ta toshe mata hanci ta ɗura, yarinyar ta amayar, ta sake ɗurawa. Haka muka yini, ni da ita. Na jiƙa zane a rafi ina shafa wa yarinyar, ina gaya mata a kunne, da Hausa da ɗan Gwanjancin da na iya, cewa ni ce uwarta. Ban san ko tana ji ba.

Da safe, ana ɗora wa jakuna kaya, gumi ya keto mata. Ta buɗe ido ta nemi ruwa. Ta sha, ta dube ni. Na ce, "Ce Mma," wato uwa. Ta ce, "Yaya." Inna ta yi dariya har da buga cinya, ta ce, "Allah Ya ƙara."

Ba zan ce maɗaci ne ba, ba zan ce addu'a ta fi al'ada ko al'ada ta yi ƙarya ba. Zazzaɓi ne ya zo ya tafi, kamar yadda gudawa ta zo wa na farin ba ta tafi ba. Abin da na sani kaɗan ne: yinin nan na bakin rafi, da ta mutu a cikinsa, da na kasance tare da ita. A ciwonta na baya kuwa murhu nake kallo.

Yanzu muna Bawku, kusa da kasuwar shanu. Sai da damina ta zagayo kafin ta daina ce mini Yaya, kuma har yanzu in ta yi fushi da ni takan koma. Tsoron bai tafi ba. In ta yi barcin rana nakan sa yatsa a hancinta. Ina da wani cikin, na kuma lura Inna ta soma kai wa wata maƙwabciyarmu Bakusasa goro ba dalili. Na gane mai saye take nema. Ban san abin da zan yi ba in ranar ta zo. Ina so in ce zan hana, amma na san kaina, na san yadda hannuna ya yunƙura a gindin dutsen nan.

Karatuna na allo ne, bai yi nisa ba, sai a yi haƙuri da rubutun. Wanda duk ya karanta wannan, ina roƙonsa ya yi wa yarinyar nan addu'ar tsawon rai, da abin da ke cikina. In zai yi, kada ya ɓoye su, ya ce 'ya'yan matar da ta rubuta wannan.